Gaisuwar Rasuwar Mahaifi a Maiduguri

Ta'aziyya, wadda aka fi sani da gaisuwar mutuwa, ita ce zuwa wurin wanda aka yi wa rashi domin a ba shi haƙuri, a kuma yi wa mamaci addu'a. A Maiduguri, inda Kanuri da Shuwa da Hausawa da Babur da Marghi ke zaune unguwa ɗaya, ana ɗaukarta haƙƙi ne na zumunci da maƙwabtaka. Mutum zai iya ƙin zuwa suna ko biki a manta, amma wanda bai zo gaisuwar uba ba, da wuya a manta masa. Dalili kuwa shi ne mahaifi ne bangon gida. Ranar da ya faɗi, ciyarwa da kuɗin makaranta da aurar da 'yan mata duk sun koma wuyan wani, galibi babban ɗa.

Kafin gaisuwa akwai jana'iza, kuma ba a jinkirta ta. Wanda ya cika da dare, yawanci da hantsi an kai shi. Ana sanarwa a masallacin unguwa bayan sallah, a kira dangi a waya, a gaya wa bulama, wato mai unguwa. Bayan wanka da suturta gawa da likkafani, sai a fito da makara ƙofar gida, liman ya ja sallah mai kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada. A nan ne akan ji wani daga dangi ya ɗaga murya yana cewa duk mai bin marigayi bashi ya zo ya samu 'ya'yansa. Wannan sanarwa ita ce alamar farko cewa ɗa ya tsaya a matsayin ubansa. Daga nan maza su raka shi makwanci, sau da yawa maƙabartar Gwange, wadda tana cikin manya kuma tsofaffin maƙabartun garin.

Da an dawo sai zaman makoki ya fara. Akan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya ko rumfar haya, saboda ranar Borno ba ta wasa. 'Yan'uwan marigayi da manyan 'ya'yansa su jeru a gefe guda, malami ko goni, wato gwanin Alƙur'ani, yana kusa. Mai zuwa gaisuwa yakan tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya zauna, sannan ya ɗaga hannu ya nemi a yi fatiha. Kowa ya ɗaga, a karanta a shafa. Bayan nan ne yake juyawa ga mai rashin.

Maganar ba ta da tsawo. Aboki zai ce wa ɗan marigayi, "Ashe Baba lokaci ya yi. Ya haƙuri?" Shi kuma ya amsa, "Da godiya." Sai addu'o'i su biyo: "Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta. Allah ya albarkaci abin da ya bari. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani." Kowace gaɓa ana amsa ta da amin, a ƙarshe a ce wa baƙo, "Allah ya ba da lada." Masu jin Kanuri suna yi da harshensu, kuma kalmar da ke yawan fita ita ce kanadi, wato haƙuri. Dattijo abokin marigayi yakan ƙara da cewa, "Yanzu kai ne uba, ka riƙe ƙannenka." Idan kuma ya ce "Baba" maimakon "babanka", yana nuna cewa rashin na kowa ne.

Abin da ba a faɗa yana da muhimmanci kamar abin da ake faɗa. Ba a titsiye mutum da tambayar wace cuta ce, ko me ya sa ba a kai shi asibitin koyarwa da wuri ba. Ba a tayar da zancen gado a kan tabarma. Ba a kuma daɗewa. Minti kaɗan sun isa, sai dai ga na jiki waɗanda ke wuni suna taya karɓar baƙi. Wani aibi da ya yi yawa a yanzu shi ne yadda hira kan juya zuwa siyasa ko ƙwallo, har da shewa, alhali ɗan marigayi na zaune ya yi tagumi. Saƙon waya da rubutun Facebook sun wadatar ga wanda ke Legas ko Injamena, amma ga wanda ke Bulunkutu alhali rasuwar a Hausari aka yi, ba su isa uzuri ba.

Cikin gida na mata ne. Suna shigowa rukuni-rukuni sanye da laffaya, su zauna gaban matar marigayi da 'ya'yansa mata, ƙamshin turaren wuta na tashi. Hawaye ba laifi ba ne a shari'a. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi. Maƙwabta kan aiko da kwanukan abinci, wasu su kawo shinkafa ko sukari ko ɗan kuɗi a damƙa a ɓoye. Asalin wannan yana cikin sunna: lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya umarci a yi wa iyalansa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su.

Kwana uku ake zama. Gidajen da ke bin tsohuwar al'ada da malaman ɗariƙa suna yin sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, a sauke Alƙur'ani, a raba waina ko gumba. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, tana ganin waɗannan taruka bidi'a ne, kuma nauyi ne a kan marayu. Ba abin mamaki ba ne a samu ra'ayoyin biyu cikin 'ya'yan mutum ɗaya. Mai gaisuwa mai hankali yakan bi tsarin gidan da ya tarar, ya bar muhawara ga wani zama.

Rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a garin a 2009, ya taɓa wannan al'ada sosai. Dokar hana fita ta taƙaita zaman dare, hana hawa babur a 2011 ya sa zirga-zirga ta yi wuya, kuma da aka katse layukan waya a 2013, wasu sai bayan kwanaki suke jin rasuwar iyayensu. An ga jana'izar mutane da yawa a sahu ɗaya, kamar ta manoman shinkafa 43 da aka binne a Zabarmari a Nuwamban 2020, wadda Gwamna Babagana Umara Zulum ya halarta. Mafi wuyar sha'ani shi ne na waɗanda suka gudo daga Bama ko Gwoza ba tare da sanin ko mahaifinsu na raye ba. Babu gawa, babu kabari, babu ranar da za a shimfiɗa tabarma. Irin waɗannan ba a ce musu "Allah ya jiƙansa", akan ce "Allah ya bayyana shi."

Bayan an naɗe tabarmi, sauran aiki na dangi ne. Matar marigayi tana shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu idan tana da ciki. Daga dukiyar ana fara cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a raba gado bisa mazhabar Malikiyya, a gida gaban malami ko a kotun shari'a. Wanda yake tafiya lokacin rasuwar yana iya zuwa ko bayan wata biyu ne. Zai samu babban ɗan a gida ko a rumfarsa ta Kasuwar Monday, su ɗaga hannu su yi fatiha, ya tambaye shi ya ƙarin haƙuri, sannan ya tambayi lafiyar matar marigayi da yara.