Ire-iren Inshorar Mota a Najeriya da Abin da Kowanne Ya Ƙunsa

Mafi yawan masu mota a Najeriya sun san takardar inshora a matsayin ɗaya daga cikin takardun da ake miƙa wa ɗan sanda ko jami'in kiyaye haɗurra a shingen bincike, amma kaɗan ne suka san nauyin da takardar ta ɗora wa kamfanin da ya bayar da ita idan tsautsayi ya auku. Inshora yarjejeniya ce da mai mota yake biyan wani adadin kuɗi a kowace shekara, shi kuma kamfani ya ɗauki alkawarin biyan diyyar wasu asarori da aka zayyana a rubuce. Abin da ya raba nau'o'inta shi ne asarar wane mutum kamfanin zai biya, da kuma irin musibar da ta jawo asarar.

Nau'i na farko, wanda doka ta wajabta wa duk abin hawan da ke bin titin gwamnati, shi ne inshorar ɓangare na uku. Mai mota shi ne ɓangare na farko, kamfanin inshora na biyu, duk wanda motar ta cutar a jikinsa ko a dukiyarsa kuma shi ne na uku. Wajabcin ya samo asali ne daga wata dokar zamanin mulkin mallaka ta 1945 wadda ta fara aiki a 1950, kuma hikimarsa ita ce wanda mota ta kaɗe sau da yawa mai ƙaramin ƙarfi ne, kamar ɗan makaranta ko mai tura baro, wanda bai kamata jinyarsa ta rataya a kan aljihun direban da ya buge shi ba. Idan direba ya kauce wa rami ya afka wa keken adaidaita sahu, kamfani zai ɗauki nauyin gyaran keken da diyyar waɗanda suka ji rauni, amma gyaran motar direban yana wuyansa, ko da kuwa ta yi raga-raga.

Hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ita ce ke ƙayyade farashin wannan nau'i. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A wannan tsari babur yana biyan naira 3,000 da iyakar miliyan 1, keke mai ƙafa uku naira 5,000 da iyakar miliyan 2, manyan motocin dakon kaya kuwa naira 100,000 da iyakar miliyan 5. Ma'anar iyaka ita ce duk abin da ya haura ta, wanda ya yi ɓarnar ne zai cika daga aljihunsa, abin da ya kamata mai tuƙi a garuruwan da motoci masu tsada suka yi yawa ya riƙe a ransa.

Nau'i na biyu ya ƙunshi duk abin da ke cikin na farko, sannan ya ƙara da biyan mai motar kansa idan motar ta ƙone ko aka sace ta. Ya dace da wanda motarsa ke da 'yar daraja kuma take kwana a waje, sai dai bai shafi lalacewar da karo ya jawo wa motar ba.

Nau'i na uku shi ne cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa haƙƙin ɓangare na uku da gobara da sata da kuma gyaran motar mai inshorar, ko da shi ne mai laifi a hatsarin. Ana lissafa kuɗinta ne bisa darajar motar, kuma NAICOM ta ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100, wato motar naira miliyan 10 za ta biya aƙalla naira 500,000 a shekara. Duk da sunanta, tana da sharuɗɗan da rashin karanta su ke haddasa yawancin saɓanin da ake samu. Akwai wani kaso na farko na kowace asara da mai mota yake ɗauka da kansa kafin kamfani ya biya ragowar. Ba a biyan tsufan inji ko cinyewar taya, domin waɗannan ba hatsari ba ne, kuma kamfani yana iya ƙin biya idan marar lasisi ne ke tuƙi, ko direban yana cikin maye, ko an saka motar gida a haya ba tare da an sanar da shi ba. Ambaliya da tarzoma ma, a wasu kamfanoni, sai an nemi a ƙara su a yarjejeniya an biya ƙarin kuɗi. Wanda kuma ya rage darajar motarsa a takarda domin ya biya kaɗan, ranar asara ba zai karɓi fiye da abin da ya rubuta ba.

Ga Musulmin da ke ƙyamar inshorar gargajiya saboda riba da rashin tabbas da malamai da yawa suke gani a cikinta, akwai tsarin takaful, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suke gudanarwa. A nan mahalarta suna zuba gudummawa ce a asusun taimakon juna, kamfanin yana kula da shi a matsayin wakili, ana biyan wanda asara ta sama daga cikinsa, kuma idan an sami rarar kuɗi a ƙarshen shekara ana iya raba wa mahalarta bisa sharuɗɗan da aka amince da su. Ana samun inshorar ɓangare na uku da cikakkiyar inshora a ƙarƙashin wannan tsari.

Babbar matsalar da ta rage ita ce takardun bogi da 'yan damfara ke sayarwa a kusa da wuraren sabunta takardun mota, waɗanda babu wani kamfani a bayansu. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda mutum zai saka lambar motarsa ta intanet ya ga ko inshorarsa tana da rajista, kuma wannan binciken ya ƙara muhimmanci tun da rundunar 'yan sanda ta fara tsaurara aiwatar da dokar wajabta inshorar ɓangare na uku a ranar 1 ga Fabrairun 2025. Idan hatsari ya faru, abin da ke tabbatar da haƙƙi shi ne sanar da kamfani da wuri, ɗaukar hotuna, samun rahoton 'yan sanda, da guje wa yin sulhun biyan kuɗi a gefen titi ba da sanin kamfanin ba.

Zaɓi tsakanin nau'o'in ya danganta ne da darajar motar, da aikin da take yi, da kuma ƙarfin mai ita na maye gurbinta idan ta salwanta. Mai tsohuwar mota yana iya wadatuwa da abin da doka ta wajabta, amma wanda motarsa ita ce jarinsa, ko wanda ya saye ta da bashi, ya fi buƙatar cikakkiyar kariya. Kowane nau'i mutum ya ɗauka, wajibi ne ya saya daga kamfani mai lasisi, ya karanta sharuɗɗan tun kafin ya biya, domin amfanin takardar ya shafi mutanen da yake haɗa hanya da su kamar yadda ya shafe shi.