ME YA SA FAIFAN BIKI YAKE ƘIN NUNAWA A INJIN GIDA?



A watan jiya wani magidanci daga unguwar Kambarawa, cikin birnin Katsina, ya zo ofishinmu da faifai a aljihu. Ya aurar da 'yarsa. An ɗauki hoton bikin da waya. Ya kai wa mai kwamfuta, ya biya, aka ɗora masa a faifai. Nufinsa ya kai wa mahaifiyarsa ƙauye, don tsufa ya hana ta zuwa bikin. Da ya isa aka ta da janareta, mata da yara suka cika tsakar gida. Aka sa faifai. Inji ya yi ta juyi, can sai ya rubuta "No Disc", wato wai babu faifai a cikinsa. Tsohuwa ba ta ga auren jikarta ba. Abin da ya fi damunsa shi ne ya riga ya goge hoton daga wayarsa.

Mun duba faifan a kwamfuta. Hoton yana nan lafiya lau. Inda aka yi kuskure shi ne wajen ɗorawa. Tun da irin wannan yana faruwa da mutane da yawa, ga bayani.

DAGA KASET ZUWA FAIFAI

Manya za su tuna zamanin kaset. A kaset aka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin na farko a finafinan bidiyo na Hausa. Faifan VCD ya fito a 1993. Faifan DVD kuma ya fara shiga kasuwa a Japan a 1996. Bayan shekarar 2000 faifai ya ture kaset a kasuwanninmu. Yau kuma waya da memori sun ture faifai. Amma tsohon inji yana nan a gidaje da yawa, musamman a karkara. Haka kuma mutane da yawa a faifai suka ajiye hoton aurensu, da na suna, da na saukar karatu.

KOWANE INJI DA RUBUTUN DA YA IYA

A ce ka rubuta wasiƙa da ajami, ka miƙa wa wanda boko kawai ya iya. Takarda tana hannunsa, rubutu yana jiki, amma ba zai karanta ba. To, haka inji yake.

Waya tana ajiye hoto da wani tsari da ake kira MP4. Kwamfuta ta iya karanta shi. Tsohon injin DVD bai iya ba. Shi tsarin DVD da na VCD aka koya masa. In mai kwamfuta ya kwashi hoton waya ya zuba a faifai yadda yake, faifan zai nuna a shagonsa, amma a gida zai ƙi. Wannan shi ne abin da ya sami mutumin Kambarawa.

Maganin shi ne a fara juya hoton zuwa tsarin DVD kafin a ɗora. Akwai alamar da za ka gane an yi haka. Ka ce mai kwamfuta ya buɗe faifan ka gani. In faifan DVD ne, za ka ga wata jaka mai suna VIDEO_TS. In na VCD ne, za ka ga MPEGAV. In ba ka ga ɗaya daga cikinsu ba, aiki bai kammala ba.

Wasu injunan baya-bayan nan suna karanta wasu tsare-tsaren, kamar DivX. Ana rubuta abin da inji ya iya a goshinsa ko a jikin kwalinsa. Ka karanta, ko ka kwafa a takarda ka tafi da ita shago.

FAIFAI BA IRI ƊAYA BA NE

A ido, CD da DVD duk ɗaya ne. A aiki sun bambanta. Faifan CD yana ɗaukar kallon kusan minti 80 a tsarin VCD. Faifan DVD yana ɗaukar kayan CD shida da ɗoriya, wato kallon kusan awa biyu mai kyan hoto. Injin VCD ba ya karanta faifan DVD ko kaɗan. Shi kuwa injin DVD, yawanci yana karanta duka biyun.

Faifan DVD da ba a ɗora wa komai ba shi ma iri-iri ne. Akwai DVD-R mai ɗan layi a tsakiya. Akwai DVD+R mai alamar tarawa. Mai layin shi ya fara fitowa, a 1997. Mai alamar tarawa sai a 2002. Saboda haka injin da ya tsufa sosai ya fi sabawa da mai layin. Akwai kuma mai RW, wanda ake gogewa a sake ɗorawa. Tsofaffin injuna sun fi ƙin wannan. In kana shakka, sayi DVD-R.

A RUFE FAIFAI

Bayan an gama ɗorawa, dole a rufe faifan. Rufewa ita ce kwamfuta ta rubuta jerin abin da ke ciki, ta kuma nuna cewa ba za a ƙara komai ba. Da wannan jerin inji yake gane inda kallo ya fara da inda ya ƙare. A kwamfuta ana rubuta wannan aiki da kalmar Finalize. Wasu suna barin faifai a buɗe don su ƙara wani abu daga baya. Faifan da aka bari a buɗe, injin gida yakan ɗauka babu komai a cikinsa.

GAGGAWA TANA ƁATA AIKI

Faifan kamfani da ƙarfe ake buga shi, kamar hatimi. Na shago kuwa, wani siririn haske ne yake ƙona wani rini da ke cikinsa. Shi ya sa rubutunsa bai kai na kamfani fitowa ba, kuma inji mai raunin ido yana shan wuya da shi. In aka ɗora da gudu sosai, rubutun yakan ƙara lalacewa. Sai ka ga hoto yana tsayawa ko yana tsalle. Ka roƙi mai kwamfuta ya rage gudu, ya sa lamba 4 ko 8 maimakon 16. Kada kuma a cusa kallon awa shida a faifai ɗaya. Zai shiga, amma hoton zai dushe.

IN HOTO YA FITO BABU LAUNI

Wani lokaci faifai zai nuna, amma baƙi da fari, ko hoton ya riƙa birgima. Tsarin talabijin ne bai dace ba. Nijeriya da Nijar ba tsarin Amurka suke bi ba. A Nijeriya PAL muke amfani da shi, Amurka da Japan kuwa NTSC. Ka ce a yi maka da PAL. In an riga an ɗora, duba rimot. Da yawa suna da maɓalli mai rubutun N/P. Danna shi, launi yakan dawo.

ƘURA DA RANA

Wani lokaci laifin ba na faifai ba ne. Ƙurar hunturu tana rufe idon inji. Ka gwada faifan kamfani. In shi ma ya ƙi, kai injin wurin mai gyara. Ka riƙa lulluɓe inji da ƙyalle in ba a kallo.

Rana da zafi suna kashe rinin faifai. Kada ka bar shi a bakin taga ko a cikin mota. Ka riƙe shi ta gefe. In zai gogu, sa ƙyalle mai laushi, ka goga daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Kada ka rubuta suna a bayansa da biro. Yi amfani da maka mai laushin baki.

KAFIN KA BAR SHAGO

1. Faɗa wa mai kwamfuta irin injin da kake da shi.
2. Ka ce a juya hoton zuwa tsarin DVD ko VCD, kuma da PAL.
3. Ka tabbata an rufe faifan.
4. A gwada shi a injin kallo, ba a kwamfuta ba. In shagon ba shi da inji, ku yi sharaɗi za ka dawo in ya ƙi.
5. Kada ka goge hoton daga waya sai ka ga faifai ya nuna. Ko ya nuna ma, ajiye wani kofi a memori.

Gargaɗi ɗaya. Wannan bayani don hoton gidanka ne. Kwafar fim ɗin wani don sayarwa ba da izininsa ba laifi ne a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma cin gumin mutane ne. Satar fasaha tana cikin abubuwan da suka karya kasuwar faifan finafinan Hausa.

Mutumin Kambarawa ya koma shago da wannan bayani a takarda. An kwaso hoton daga tsohon faifan, an juya shi, an ɗora a sabon DVD-R, an rufe. Ya aiko mana da saƙo cewa tsohuwa ta kalli bikin har sau uku.

Mai karatu, in ka gama, karanta wa maƙwabcinka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.