Ciwon Hanji Mai Kai da Komowa, da Amfanin Abinci Mai Yauƙi

Akwai wani ciwon ciki mai addabar mutum wata da watanni: murɗa da kumburi, yau zawo, gobe bayan gida ya ƙi fita. In an auna ba a samun gyambo ko tsutsa. Hanjin ne kawai ke da saurin harzuƙa.

Abin da ke kawo sauƙi shi ne abinci mai yauƙi, irin kuɓewa da lalo da karkashi. Yauƙi yakan riƙe ruwa cikin hanji, ya tausasa bayan gida mai tauri, ya ɗaure mai tsinkewa. Wanda likitoci suka fi jarrabawa shi ne garin ispagula na ƙasar Indiya. A fara da ƙaramin cokali guda cikin moɗar ruwa kullum, a ƙara sannu-sannu. Kada a haɗiye shi busasshe, gama yakan toshe maƙogwaro. Dusar alkama kuwa takan ƙara kumburi.

Amma lalle Hakimai su lura, ba kowace murɗa ce wannan ba. A 2010 gubar dalma ta wajen niƙan duwatsun zinariya ta hallaka yara wajen 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, har da Tungar Daji. Dalma ita ma takan sa murɗa da taurin bayan gida, yauƙi kuwa ba ya fitar da ita. Saboda haka yaro, da mai aikin zinariya, da mai ramewa ko ganin jini, a hanzarta kai su asibiti a auna su.

Magatakarda su karanta wa Dagatai wannan.