Daga Lalita Zuwa Waya

Kafin 2023, yawancin 'yan kasuwarmu ba sa ciniki sai da kuɗi a hannu. Da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya a farkon shekarar. Mai tumatir da ya ƙi karɓar taransifa sai ya wuni kayansa na ruɓewa. Dole ta sa aka buɗe asusu.

Latsa waya bai yi mana wuyar koyo ba. Wuyar tana wajen barin sabo: mun saba abin da ido ya gani shi ne kuɗi, shi ya sa alat na bogi ke cin mutane. Mu da ke tsare wa iyayenmu shago bayan an tashi daga makaranta, mu duba asusu tukuna kafin mu miƙa kaya.