Kafin Ka Sayar Da Gidanka Na Jos Ka Sayi Wani A Ƙetaren Iyaka

Duk lokacin da hankali ya tashi a Jos, aka sa dokar hana fita, aka kwana biyu ba a buɗe shago ba, akwai maganar da takan dawo bakin magidanta a majalisun Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos da Dilimi: "Ni fa na gaji. Gidan nan zan sayar in kwashe yara mu bar garin." Tun rikicin 7 ga Satumba 2001 ake jin ta, aka ƙara jin ta bayan gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002, da rikicin Nuwamba 2008 da na Janairu 2010. Yawancin waɗanda suka tashi, Bauchi suka nufa, ko Kano, ko Kaduna. Amma akwai waɗanda idonsu ke ƙetaren iyaka, musamman Nijar: Maraɗi, Damagaram ko Yamai. Wani yana da dangi a can, wani abokin kasuwanci, wani kuma ɗansa ne ke karatu a Jami'ar Maryam Abacha ta Maraɗi, ya je ziyara garin ya kwanta masa a rai.

Ba na ganin laifin mai wannan tunani. Duk wanda ya taɓa goya yaro ya gudu cikin dare yana da haƙƙin neman inda zai yi barci da ido biyu rufe. Ita kanta Maraɗi ai Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi ne suka kafa ta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake jera matakan. Da yawa sukan fara da sayar da gidan Jos, su bi da sayen wani a can, sai daga ƙarshe su tambayi matsayinsu a dokar ƙasar. Kamata ya yi a faro daga tambayar nan, sayar da gidan kuma ya zo a ƙarshe, in ma zai zo.

Ka sauka tashar Maraɗi za ka ji Hausa ta ko'ina, ka ci tuwo, ka bi jam'i a masallaci ba wanda zai kalle ka. A Maris 2025 ma hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan shi ke yaudarar mutane su ɗauka sun zo gida. A wajen maƙwabta kai ɗan'uwa ne, a ofishin 'yan sanda da gaban alƙali kuwa baƙo ne kai, ɗan wata ƙasa. Mutumin Jos bai kamata a tsaya yi masa dogon bayani a kan wannan ba. Mun ga wanda aka haife shi a garin nan, aka haifi ubansa a nan, amma ranar neman takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ya sha wahala. In haka ta faru a cikin ƙasarka, me kake tsammani a inda fasfonka ma daban ne?

Shekara da shekaru abin da ya sauƙaƙa zirga-zirga shi ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba biza ya zauna kwana 90. Wanda zai wuce haka, ko a wancan lokacin, sai ya nemi takardar zama. To yanzu ƙasa ta motsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta rufe iyakarta da Nijar, ta yanke mata wutar lantarki, ba a buɗe iyakar ba sai Maris 2024. A Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, suka tsaya a kan tasu ƙungiyar ta AES. Ɓangarorin biyu sun sanar cewa za a ci gaba da shige da fice ba biza, madalla da haka, sai dai sanarwa ce da kowace gwamnati ke iya sauyawa. A cikin Janairun 2025 ɗin ne kuma Nijar ta fitar da sabuwar doka kan shigar baƙi da zamansu, wadda ta tsaurara batun takardu, har ta wajabta wa mai saukar da baƙo ya sanar da hukuma. Saboda haka kafin ka yi ciniki da kowa, ka je ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano ka tambayi abin da ake buƙata a yau, kai da matanka da kowane yaro. Kada ka dogara da abin da direban mota ko dillali ya faɗa maka.

Tarihi ma yana da abin cewa a nan. A Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai Hausawa da Yarabawa da suka yi shekaru a zangunan Kumasi da Akara, suka gina gidaje, suka aurar da 'ya'ya. Da yawa sun sayar da abin da suka mallaka a wulaƙance, wasu suka bar shi. A Janairu 1983 mu ma muka yi wa wasu haka, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, ciki har da 'yan Gana da 'yan Nijar. A duka biyun, abin da aka duba ranar kora shi ne takarda.

Sai batun gidan kansa, inda aka fi yin asara. A Najeriya mun saba da dokar filaye ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka da muke kira C of O. Tsarin Nijar na Faransa ne, kuma takardun mataki-mataki suke. Akwai shaidar mallakar gargajiya da ake samu ta hannun mai gari ko hukumar filayen karkara, wadda galibi ta gona ce. Akwai takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa idan an yanka filaye an raba, wadda suke kira akt da sesiyon. Sama da su duka akwai titir fonsiye, wadda ake yi wa rajista a ofishin filaye na gwamnati, ita ce mafi ƙarfi a gaban shari'a. Baƙo ya fi kowa buƙatar wannan ta ƙarshen, domin ranar da rigima ta tashi ba shi da kaka ko dattijon unguwa da zai tsaya ya ce ya san asalin filin.

Kuma a can akwai jami'in da ake kira noter, masanin doka da hukuma ta ba izinin rubuta cinikin gida ya zama tabbatacce. Takardar da muka saba rubutawa a zaure, mai saye da mai sayarwa da shaidu biyu da mai unguwa su sa hannu, ba ta kai wannan matsayin ba. Ka biya noter kuɗin aikinsa, ya bincika maka ko sunan da ke kan takardar na mai sayarwar ne, ko an jinginar da gidan a banki, ko an taɓa sayar wa wani. In gidan gado ne, ka tabbata duk magada sun yarda a rubuce, har matan da ke aure a wasu garuruwa. Takardun ofis har yanzu da Faransanci ake rubuta su, don haka ka nemi mai karanta maka wanda kai ka ɗauko shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Kada ka sa hannu a kan abin da ba a fassara maka layi-layi ba.

Kowace ƙasa kuma da nata sharaɗin. Kundin tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana baƙo mallakar fili na har abada, haya kawai zai samu wadda ba ta wuce shekara 50 ba. A Kamaru, wadda ba ta cikin ECOWAS, doka ta hana baƙo sayen fili a yankunan bakin iyaka, a sauran wurare kuma sai ministan filaye ya sa hannu kafin cinikin ya inganta. Mai tunanin Garwa ko Ngaundare ya san da wannan.

Akwai wata dabara da nake so in ja kunne a kanta sosai, wato sayen gida da sunan ɗan ƙasa: suruki, ko aboki, ko ɗan'uwan mata, don a guje wa wahalar takardu. Na san ana yin haka ne bisa amana, kuma sau da yawa wanda aka amince wa mutumin kirki ne. To amma rai ba a hannun kowa yake ba. Ranar da ya rasu, gidan ya shiga cikin gadonsa, 'ya'yansa kuma ba su san alkawarin da kuka yi ba. Ranar da kai ka rasu, marayunka ba su da abin da za su nuna. Ko shari'ar Musulunci ta umarce mu da rubuta mu'amala da kafa shaidu. In dole ta sa ka yi haka, to a rubuta a gaban noter cewa kuɗinka ne.

Ka kuma je ka ga wurin da damina. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da tsohuwar Maraɗi daga bakin gulbi aka mayar da ita kan tudu, kuma a daminar 2024 ruwa ya sake rusa gidaje masu yawa a garin. Yamai ma unguwannin bakin kogin Kwara suna shan ambaliya. Filin da aka nuna maka da rani a kan araha, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi.

Lissafin kuɗi shi ma yana da tarko. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro a kan farashi tsayayye, naira kuwa tun da aka sake ta a Yuni 2023 ta zube, har a 2024 jika ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000. Wanda kasuwancinsa ko fanshonsa ke zuwa da naira amma yake cefane da biyan kuɗin makaranta da sefa, duk lokacin da naira ta faɗi aljihunsa raguwa yake yi ko da bai ƙara kashe komai ba. Ka lura kuma da yadda ake ƙirga kuɗi a kasuwar can: dala ɗaya sefa 5 ce, jika sefa 1,000. A ciniki babba a rubuta adadin da lambobi kowa ya gani. Kuɗin gida kuma kada a ɗauko su a jaka a bi hanyar Jibiya da su. A tura ta banki, a ajiye shaidar turawar, domin dokar Najeriya ta wajabta bayyana wa kwastan duk kuɗin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinta, ga kuma halin da hanyar take ciki. Wannan ya kawo mu ga zaman lafiyar da ake nema tun farko: jihar Maraɗi tana ɗauke da dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina tun 2019, kuma 'yan bindiga na taɓa yankunan Madarunfa da Gidan Rumji. Cikin birni da dama-dama, amma kada a ɗauka an bar matsala baki ɗaya a baya.

Su kuma iyalin da za a kwasa, an tambaye su? Maigida yakan yanke shawara a majalisa, ya shigo gida ya ce a fara ɗaure kaya. Alhali uwargida ce za ta rabu da iyayenta da 'yan'uwanta da 'yar sana'arta, ta je inda ba ta san kowa ba, shi kuma yana can yana kai da komo a kan kasuwanci. Yaron da ke aji biyu a babbar sakandare yana shirin WAEC da JAMB, in aka kai shi makarantar da ake koyarwa da Faransanci, kusan daga farko zai soma. Ƙanana sukan saje da wuri, manyan ne abin dubawa, kuma sau da yawa alherin da za a yi musu shi ne a bar su wajen dangi a Jos su kammala. Wanda aka haifa a can kuma a yi masa takardar haihuwa a kan lokaci, a kai ta ofishin jakadancin Najeriya da ke Yamai, domin haihuwa a ƙasa ba lallai ta ba shi zama ɗan ƙasar ba, tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuwa ya amince da shi ta hanyar iyayensa. Ga yanayi: wanda ya tashi a Jos, a tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya, yana lulluɓa da bargo, zafin Afrilu a Maraɗi da ke haura digiri 40 ba ƙaramin abu ba ne gare shi, musamman tsofaffi da jarirai da masu hawan jini.

Shawarata ita ce maigida ya fara zuwa shi kaɗai ya ga ko abincinsa zai fito a can. In ta yi, ya kama haya ya kawo iyali, su ga rani su ga damina, a kammala takardun zama. Sai bayan haka a yi maganar saye. Gidan Jos kuma a sa masa 'yan haya, a damƙa shi ga amintacce da yarjejeniya a rubuce. Mun ga yadda aka yi ta sayar da gidaje a garin nan bayan 2001 da 2008, lokacin da unguwanni suka rabu bisa addini, mutane suka karɓi abin da bai kai darajar gininsu ba don tsoro. Mai saye yakan gane wanda ke sauri, kuma shi ke yanka farashi. In har ka tabbata sayarwar ce mafita, ka jira gari ya lafa, ka je PLAGIS, ofishin rajistar filaye na Jihar Filato, ka daidaita takardunka da sunanka, sannan ka sa gidan a kasuwa.