"Mu Gidanmu Ba A Tsawo"

Duk lokacin da aka ce wani jikanta bai yi tsawo ba, amsar kakata ɗaya ce, Allah ya jiƙanta: "Mu gidanmu ba a tsawo." Da wannan maganar na tashi a ƙauyenmu na ƙasar Dambatta, inda gona ke manne da gona har ba ka ganin daji. Sai da na yi wayo na lura 'ya'yan baffana da aka haifa a birni duk sun kere mu, alhali jininmu ɗaya.

Kaka ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Masana sun ƙiyasta cewa a cikin al'umma mai wadatar abinci, kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin tsawon mutane daga gado yake. Wani bincike na 2022 a kan mutum sama da miliyan 5 ya gano wurare fiye da 12,000 a ƙwayoyin halitta da ke da hannu a tsawo, kowanne da ɗan ƙanƙanin rabonsa.

To amma duk manomi a nan ya san wani abu. Geron da ka shuka a bayan gida, inda ake jibge mangalar taki, da wanda ka shuka a jigawa mai nisa, iri ɗaya ne daga rumbu ɗaya. Je ka auna karansu da kaka. Haka ya faru da matan Koriya ta Kudu: cikin shekara 100 matsakaicin tsawonsu ya ƙaru da kusan santimita 20. Jininsu bai canza ba, tukunyarsu da asibitinsu ne suka canza.

Mu fa? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne, a Kudu maso Gabas kuwa 18. Wannan tazarar tana ci mini rai.

Yawancin ɓarnar na faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu. Mai ciki tana wuni da tuwon dawa da miyar kuka. An haihu, a matse dakashi a zubar, a ɗura wa jinjiri ruwa saboda zafi, gudawa ta biyo baya. Da ya fara cin abinci, sai koko tsululu, ba gyaɗa, ba garin waken suya. Ciki ya cika, ƙashi bai samu abin gini ba, kuma tsawon da ya kuɓuce a wannan lokacin da wuya ya dawo.

Ranar Lahadin da ta wuce, a kasuwar Dambatta, na haɗu da matar ƙanena da ƙwan zabi goma sha biyu a kwano, goyonta ɗan wata tara yana barci a baya.

"Yaya, kuɗin sabulu zan yi da su," in ji ta.

Na saye su duka, na mayar mata cikin kwanon, na ce ta riƙa dafa masa ɗaya kullum. Ta yi jim, ta ce sai dai a ɓoye, don surukarta ta ce yaron da ya saba da ƙwai sata yake yi.