Gulbin Rima Da Iyayensa

Yawancinmu in aka ce Rima sai hankalinmu ya tafi Sakkwato, domin can ne sunan ya yi tashe. Amma ruwan da ke wucewa ta gindin birnin Shehu ba can aka haife shi ba. Wanda ya ke so ya fahimci gulbin nan sosai, sai ya buɗe taswira ya fara duban arewacin Zamfara, watau ƙasar Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi.

A nan akwai gulabe biyu. Na fari shi ne Gagare, wanda ke bi ta Ƙauran Namoda, garin da hanyar jirgin ƙasa ta iso ta tsaya a 1929. Na biyu Bunsuru, mafarinsa a ƙasar Katsina, Karaduwa na cikin masu ba shi ruwa, sa'an nan ya shigo ta wajen Zurmi. Abin mamaki, teku tana kudu, amma su duka biyun arewa maso yamma su ke nufa, sai ka ce za su shayar da Hamada. Dalili kuwa, tudun ƙasar Hausa ya fi tsawo a wajen Funtuwa, daga nan ƙasa ta ke gangarawa, ruwa kuma ba ya shawara da kowa, gangare ya ke bi. Wannan tudu ne ke raba ruwan sama biyu: na gabas ya nufi tafkin Chadi, na yamma ya nemi Kwara.

Tun daga mafari har kusa da Ƙaura, ƙarƙashin ƙasa dutse ne mai tauri, ba ya shan ruwa. Saboda haka da an yi ruwa mai ƙarfi sai gulbi ya kawo nan da nan, yana jaye da yashi, ba da jimawa ba kuma ya janye. Da rani sai ka taka shi da ƙafa, mutane na tonon yashi suna ɗiban ruwa. Amma daga wajen Shinkafi zuwa Isa, inda gulaben biyu ke kusantar juna har su gamu, ƙasa ta sake. Dutsen ya nutse, kwari ya yi faɗi, gudun ruwa ya ragu, sai ya bazu ya zubar da laka. Lakar nan ita ce fadama, ita ke ba da shinkafa da damina, da albasa da sauran kayan lambu da rani. Ba banza ba Gobirawa suka kafa Alkalawa a kwarin nan, birnin da jama'ar Shehu suka ci a 1808.

A wajen Sabon Birni Gulbin Maraɗi ya shigo, bayan ya fita daga ƙasar Katsina ya zaga cikin Nijar ya komo. Daga nan Rima ya karkata yamma, kana kudu maso yamma, ya wuce Goronyo da Wurno, ya gamu da Gulbin Sakkwato. Sauran tafiyar ta Argungu da Birnin Kabi ce, har ya faɗa Kwara.

Yanzu hannun mutum ya shiga tafiyar. An gama madatsar Zobe a kan Karaduwa a 1983, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Madatsa tana tare ruwa don noman rani da shan birane, wannan alheri ne. Amma tana tare lakar ma, tana kuma rage ambaliyar da manomin fadama ke jira kowace shekara, in kuwa aka saki ruwa da yawa gaba ɗaya, gonakin da ke ƙasa su ke nutsewa. Mu da za mu fita koyarwa a garuruwan nan, ya kamata yaran da ke gabanmu su iya nuna a taswira inda ruwan gonar ubansu ya fito, da wanda ke riƙe da ƙofarsa.